Yadda Ake Kiwon Kwaɗo Mai Jan Ciki: Jagora Ga Mai Farawa

Kwaɗo mai jan ciki ɗan ƙaramin kwaɗo ne da tsawonsa bai cika wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Bayansa kore ne ko ruwan ƙasa mai ɗige-ɗigen baƙi da ƙananan ƙuraje, cikinsa kuwa ja ne ko ruwan lemo mai haske, da zanen baƙi wanda ba a samun kwaɗi biyu masu iri ɗaya. Wanda aka fi kiwo a gidaje shi ne wanda masana ke kira Bombina orientalis, sunan da ya samo asali daga bayanin da George Albert Boulenger ya yi a kansa a shekarar 1890. Mahaifarsa ita ce zirin Koriya da arewa maso gabashin Sin da yankin gabas mai nisa na Rasha, inda yake zama a kududdufai da gonakin shinkafa da ƙoramu masu tafiya a hankali. Yana da 'yan uwa biyu a Turai, Bombina bombina mai jan ciki da Bombina variegata mai rawayan ciki, amma dokokin kare namun daji na ƙasashen Turai sun hana a kama su haka kawai, saboda haka bayanin da ke tafe na ɗan Asiya ne.

Masu sayar da dabbobi sukan ce wannan kwaɗo yana da juriya kuma ya dace da mai farawa. Gaskiya suka faɗa, sai dai a ganina wannan yabon ya kashe kwaɗi da yawa, domin mai saye yakan ɗauka cewa duk inda ya ajiye shi zai rayu. Dabba mai juriya ba ta nuna wahala da wuri, tana iya shafe watanni a cikin gurɓataccen ruwa tana cin abinci kamar lafiya lau, sai ran da aka wayi gari ta kumbura. Abin da ya kamata mai farawa ya riƙe tun daga ranar farko shi ne kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake sha, kuma ta fatar yake yin wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da ke cikin ruwan da yake zaune, da duk abin da ke hannun wanda ya taɓa shi, yana shiga jikinsa kai tsaye. Saboda haka yawancin aikin mai kiwo a kan ruwa yake da kuma sanyin wurin, kwaɗon da kansa ba ya buƙatar a yi masa komai sai abinci.

Kafin a saya

Wannan kwaɗo yana rayuwa shekara 10 zuwa 15 a hannun mai kula, kuma an samu waɗanda suka kai 20. Yaron da aka saya wa shi yana firamare zai iya gama jami'a kwaɗon yana nan. Sannan abincinsa ƙwari ne masu rai, wanda ke nufin mai kiwon kwaɗo dole ya zama mai kiwon gyare ko tana, ko kuma ya san inda zai riƙa samun su kowane mako ba fashi. Wanda ba zai iya jure kukan gyare a gidansa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya kamata kuma a bincika dokar ƙasar da mutum yake, domin wasu ƙasashe sun tsaurara shigo da kwaɗi saboda cututtuka, a kuma nemi sanin ko akwai likitan dabbobi a kusa wanda ya saba duba irin waɗannan halittu.

Idan da hali, a sayi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo. Shekaru da yawa ana kamo su daga daji ana fitar da su ƙasashen duniya, kuma na daji yakan zo da tsutsar ciki da gajiyar tafiya, ga shi ba a san shekarunsa ba. Lafiyayyen kwaɗo idanunsa tangaran suke, fatarsa ba gyambo, jikinsa a murje ba tare da ƙasusuwan ƙugu sun fito ba, kuma da zarar hannu ya doso shi sai ya yi tsalle ko ya nutse. A kalli ruwan da mai sayarwa ya ajiye su a ciki. Idan akwai mushe a akwatin ko ruwan ya yi kauri, kada a ɗauki ko ɗaya daga cikinsa, komai kyansa.

Akwatin da zai zauna

A gama shirya wurin zama kafin a kawo dabbar, kuma zan faɗi dalilin hakan idan na zo maganar ruwa. Akwatin gilashi irin na kiwon kifi mai tsawon santimita 60 da faɗi 30 da tsayi 30, wanda ke cin lita 54, ya wadatar wa kwaɗi biyu ko uku. Idan za su kai huɗu ko biyar, a nemi mai lita 75 ko fiye. Faɗin ƙasa ya fi tsayi amfani domin ba kwaɗin bishiya ba ne. Suna zama cikin rukuni ba tare da faɗa ba, kuma sun fi kazar-kazar idan sun kai uku, da sharaɗin girmansu ya zo kusan ɗaya don kada babba ya riƙa ƙwace abincin ƙarami.

Murfi kuwa ba abin wasa ba ne. Duk da ba su da yatsu masu manne wa kamar na kwaɗin bishiya, suna manna jiƙaƙƙen cikinsu a kusurwar gilashi su yi ta jan jiki har su kai sama. Na koyi wannan da asara. A akwatina na farko na bar 'yar kafa a bayan murfi inda wayar matacin ruwa take fita, kafar da nake ganin ko babban yatsa ba zai shige ba. Da safe na ƙirga na ga biyu maimakon uku, kuma sai bayan kwana biyu na same shi a ƙarƙashin kujera, ya bushe ƙayau kamar ganye, ƙura ta manne a ƙafafunsa. Kwaɗon da ya fita daga danshi sa'o'i kaɗan gare shi. A sa murfin raga mai kamawa sosai, wanda iska ke ratsawa, a toshe kowace kafar waya da soso.

A cikin akwatin ana son ruwa da tudu. Wasu kan raba rabi da rabi, ni kuwa na fi son ruwa ya ci kashi biyu cikin uku, saboda a nan suke wuni, suna shawagi a sama ƙafafu a buɗe, ido da hanci kaɗai a waje, kuma ruwa mai yawa ya fi jinkirin lalacewa. Zurfin santimita 5 zuwa 10 ya isa. Ba gwanayen nutso ba ne, sun fi son wurin da ƙafar baya za ta taɓa wani abu alhali kai yana waje, don haka a sa duwatsu masu sulɓi da tsirran ruwa da za su dafa, a kuma yi gangara mai sauƙin hawa zuwa tudu. Tudun ana iya yin sa da manyan duwatsu da aka jera, ko ɓawon itace mai yawo a kan ruwa, ko a raba akwatin da gilashi a cika ɓangare ɗaya da zaren ɓawon kwakwa a shimfiɗa gansakuka a kai. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce duwatsu da ɓawon itace, domin ƙasa idan ta jiƙe sharkaf takan yi tsami ta riƙa wari. A ajiye maɓoya ɗaya ko biyu a kan tudu, kamar rabin ƙoƙon kwakwa ko lanƙwasasshen ɓawon itace.

A guji ƙananan tsakuwa. Wannan kwaɗo ba ya harba harshe kamar sauran kwaɗi, harshensa a manne yake a ƙasan baki, saboda haka faɗa wa abinci yake yi da dukan jikinsa baki a buɗe, sannan ya tura da hannaye. A cikin wannan wawaso yakan haɗa da duk abin da ke ƙasa, kuma tsakuwar da ta shiga ciki ba lallai ta fita ba. Duk dutsen da za a sa ya fi kansa girma, ko kuma a bar ƙasan ruwan fili ba komai, wanda ma ya fi sauƙin sharewa.

Ruwa

Ruwan famfo a yawancin birane yana ɗauke da kulorin, ko kuma kuloramin, wanda haɗin kulorin ne da amoniya. Kulorin yakan tashi idan aka bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu, amma kuloramin ba ya tashi ta haka, don haka tsohuwar dabarar barin ruwa ya kwana ba abin dogara ba ce sai an san abin da hukumar ruwa take zubawa. Mafi aminci shi ne a yi amfani da maganin gyaran ruwa da ake sayarwa don kiwon kifi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana kashe su duka biyun, a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar. Akwai kuskure na biyu da masu tsananin taka-tsantsan suke yi, wato zuba tataccen ruwa irin na batirin mota, suna ganin ya fi kowanne tsafta. Wannan ruwan ba shi da gishirin ma'adinai ko kaɗan, kuma kwaɗon da ya zauna a cikinsa jikinsa zai riƙa tsotsar ruwa fiye da kima yana asarar gishirin jininsa, har ƙoda ta gaji.

Kwaɗi suna kashi da fitsari a cikin ruwan da suke zaune, kuma wannan ƙazantar tana zama amoniya, wadda ke ƙona fata ko da ruwan yana nan garau a ido. A cikin akwatin da ya daɗe akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson mataci da jikin duwatsu, suna juya amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su juya shi zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma tsirrai suna sha. Waɗannan ƙwayoyin sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Dalilin da ya sa na ce a shirya wuri tun da wuri ke nan: a cika ruwa, a kunna mataci, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan yana ruɓewa don ƙwayoyin su sami abin ci, a riƙa aunawa da kayan gwajin ruwa na masu kiwon kifi har sai amoniya da naitirait sun koma sifili. Wanda ya riga ya kawo kwaɗi kafin ya san wannan kada ya tsorata, sai dai ya riƙa canza wani ɓangare na ruwan kowane kwana biyu har akwatin ya zauna.

Matacin ya zama ƙarami mai tafiya a hankali, irin na soso da iska ke turawa ko ɗan ƙaramin da ake nutsarwa, domin ruwan kududdufi suka saba da shi, igiya mai ƙarfi tana wahalar da su. Ko da mataci, a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin ruwan kowane mako da siririn tiyo, a bi kusurwoyi inda datti ke taruwa, a mayar da sabo wanda aka gyara kuma sanyinsa ya zo daidai da na ciki. Idan ba mataci, canjin ya zama kullum ko bayan kwana biyu. Ga wannan kwaɗo musamman akwai ƙarin dalili: dafin da fatarsa ke fitarwa yana taruwa a ruwa, kuma mataci ba ya kawar da shi, canji kaɗai ke rage shi. Soson mataci kuwa a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, domin ruwan famfo zai kashe ƙwayoyin da aka yi mako shida ana jira. Sabulu da omo da maganin goge gilashi kada su kusanci akwatin, ciki ko waje, haka ma maganin sauro na fesawa da turaren ɗaki a ɗakin da yake. Ruwan zafi da sabon buroshi da aka ware don wannan aiki kaɗai sun isa. Idan ruwa ya fara wari ko ya yi duhu kafin lokacin canji, a nemi dalili, ruwa ba ya tsami banza: yawanci mataccen gyare ne ya maƙale a bayan dutse.

Sanyi da haske

Mutane da yawa sun ɗauka duk wani kwaɗo mai launi daga dazuzzuka masu zafi ya fito, sai su sayo masa na'urar ɗumama ruwa. Wannan kwaɗo ɗan ƙasar sanyi ne. A mahaifarsa yana shiga ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace da tarin ganye tun daga kaka ya kwanta har sai hunturu ya wuce. Abin da ya fi masa daɗi shi ne digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Selsiyos, kuma saukar sanyi zuwa 15 ko 16 da dare ba ta dame shi ba. Zafin da ya wuce 27 ko 28 na tsawon kwanaki shi ne haɗari, yana raunana shi ya kuma ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa a ruwa. Duk wanda ɗakinsa ke wuce haka a wani lokaci na shekara ya yi tunanin yadda zai sanyaya akwatin kafin ya saya. A ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, nesa da tagar da rana ke shigowa, domin gilashi a rana tanderu ne. Ƙaramar fanka da ke hura iska ta saman murfin raga tana rage zafin ruwa da digiri kaɗan, kuma a ranar da zafi ya tsananta ana iya sa rufaffiyar gorar ƙanƙara a gefe ɗaya na ruwan. Waɗannan dabarun ɗauki ne na ɗan lokaci. Inda zafi yake na watanni, na'urar sanyaya ɗaki ce kaɗai mafita, in kuwa babu ita, ni dai shawarata a haƙura da wannan dabba. A manna ma'aunin zafi ɗaya a ruwa, ɗaya a kan tudu, kada a dogara da jin hannu.

Da rana suke harkokinsu, wanda shi ne babban daɗin kiwonsu, don haka suna buƙatar haske na kimanin sa'a 12 da duhu na sa'a 12. Fitila marar zafi ta wadatar, kuma masu kiwo da yawa suna ƙara fitilar UVB mai rauni, wato mai fitar da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, don ta taimaka wa jiki ya haɗa bitamin D3. Wannan hasken ba ya ratsa gilashi, saboda haka a ɗora fitilar a kan raga, kuma ƙarfinsa yana raguwa ko da ƙwan yana ci gaba da haskawa, don haka ana canza shi bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa.

Abinci

Abin da ke motsi suke ci. Gyare shi ne abincin yau da kullum a wurin yawancin masu kiwo, sai tana, wadda a ganina ta fi gyare gina jiki, sai ƙananan kyankyasai na kiwo da tsutsar baƙin ƙudan soja mai yawan kalsiyam. Tsutsa mai kitse irin ta kakin zuma a bar ta sai jefi-jefi, tsutsa mai taurin ɓawo kuma ba ta narkewa da kyau a cikinsu. Girman abinci kada ya wuce faɗin kan kwaɗon, tana kuwa a yanka ta gunduwa-gunduwa. Babba ana ba shi sau biyu ko uku a mako, ƙwaro 3 zuwa 5 a kowane zama, ƙananan da ke girma kuma kullum ko bayan kwana ɗaya. Suna da haɗama, kuma da sun saba da mai ba su abinci sai su riƙa taruwa a gaban gilashi duk lokacin da ya gifta. Wannan ba yunwa ba ce, kuma ƙiba tana rage musu kwana.

Na fi son ba da abinci da hantsaki mai dakusasshen baki, ɗaya bayan ɗaya, saboda ta haka nake sanin wanda ya ci da wanda bai ci ba. A kowane rukuni akwai mai ƙarfin hali da ke cinye rabon kowa, akwai kuma mai kunya da ke jira a bayan ganye. Lokacin ci sukan cafki ƙafar juna bisa kuskure, su saki nan take, ba abin damuwa ba ne. Gyaren da ya rage a kwashe shi bayan ɗan lokaci, domin ko dai ya nutse ya ɓata ruwa ko ya riƙa gwaguyar fatar kwaɗo da dare.

Ƙwarin kiwo ba su da isasshen kalsiyam, kuma kwaɗon da ya daɗe a kansu kaɗai ƙashinsa yakan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace, har ya kasa kama abinci. Maganin wannan tun kafin ya faru shi ne a sa ƙwarin a ƙaramin mazubi, a barbaɗa garin kalsiyam mai D3 na dabbobi masu rarrafe, a girgiza a hankali har su yi fari-fari, a miƙa nan take kafin garin ya kakkaɓe. A yi haka a yawancin ciyarwa, sannan sau ɗaya a mako ko mako biyu a yi amfani da garin bitamin mai ɗauke da bitamin A. Su ma ƙwarin a ciyar da su da kyau na kwana ɗaya ko biyu kafin a ba da su, da karas da kabewa da ganye mai duhun kore, domin abin da ke cikin gyare shi ne abincin kwaɗo na gaskiya. Wannan yana da alaƙa da launi ma. Jan cikin yana zuwa ne daga sinadaran launi da kwaɗo ke samu a abincin daji, shi ya sa waɗanda aka ƙyanƙyashe a gida sukan tashi da ciki rawaya. Rawayan ciki ba ciwo ba ne, kuma akwai garin ƙari mai irin waɗannan sinadaran da ke ƙara jan a hankali. Ƙwarin da aka kamo a waje ina gudunsu saboda maganin feshi, waɗanda ke walƙiya da dare kuwa guba ne, kada a kuskura.

Dafi da taɓawa

Jan cikin gargaɗi ne ga dabbobin da ke farautarsa. Idan ya tsorata a kan tudu, yakan bankare baya, ya ɗaga kai, ya juya tafin hannu da na ƙafa sama don launin ya fito, ya tsaya cik kamar an sassaƙa shi, wani lokaci ma ya kife a kan bayansa. Wanda ya fara ganin haka zai ɗauka farfaɗiya ce. Kwaɗin gida da suka saba da mutane ba su cika yi ba, kuma bai kamata a riƙa tsokanarsu don a gani ba, domin tsoro ne tsagwaronsa.

Fatar tana fitar da wani farin ruwa mai ɗauke da sinadarai da dama. Ɗaya daga cikinsu, bombesin, masana a Italiya suka fara cire shi daga fatar ɗan uwansa na Turai, Bombina bombina, a farkon shekarun 1970, kuma daga sunan Bombina aka raɗa masa suna. Dafin ba ya kashe mutum ta hanyar taɓawa, amma idan ya shiga ido ko baki ko ƙujewa yana da zafi ƙwarai. Na taɓa sosa ido bayan na gyara dutse a cikin ruwan, ban ma taɓa kwaɗon ba, na yi kusan rabin sa'a ina wanke ido yana zubar da hawaye kamar an watsa barkono. Kare ko kyanwar da ta ɗauke shi a baki za ta yi ta dalalar da miyau da amai, kuma a kai ta wurin likita. Ban da dafi, kwaɗi suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela, don haka a wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki, kada a wanke kayan akwatin a inda ake wanke kwanuka, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma su tsaya a kallo.

Cutar da hannunmu ke yi masa ta fi wadda yake yi mana. Gishirin gumi da man shafawa da ragowar sabulu duk suna ratsa fatarsa, ga ɗumin hannu. Idan dole ne a ɗauke shi, a sa safar hannu ta roba marar hoda a jiƙa ta da ruwan akwatin, ko a kora shi cikin ƙaramin mazubi mai murfi. Saboda dafin nan ne kuma ba a haɗa shi da wani irin kwaɗo ko kifi ko kunkuru a akwati ɗaya, ko da an ga an haɗa su a wurin sayarwa.

Abin da ke al'ada da abin da ke ciwo

Launin baya yakan sauya daga kore shar zuwa duhu a cikin yini guda gwargwadon sanyi da haske. Suna yin saɓa a kai a kai, sai a ga kwaɗo yana hamma yana shafa jiki da ƙafafu yana tura tsohuwar fatar cikin baki ya haɗiye. Namiji yana kuka a hankali, sauti mai kama da haushin ɗan kwikwiyo daga nesa, kuma abin mamaki yana yin sa ne lokacin da yake jan iska ciki, saɓanin yawancin kwaɗi. A lokacin barbara hannayensa sukan yi kauri da baƙin kanta a yatsun ciki, yana rungumar mace ta ƙugu, kuma ba ya tantancewa: duk wanda ya gifta zai kama, idan namiji ne sai ya yi wata 'yar ƙara a sake shi. Idan maza sun yi wa mace ɗaya yawa za su hana ta sakat, sai a raba su. Wata rana ana iya ganin ƙwai a manne da ganye, ƙanana-ƙanana cikin yauƙi. Suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 10, talibambam kuma ya zama kwaɗo cikin wata biyu ko ƙasa da haka. Wanda ba shi da inda zai kai gomman 'ya'ya ya kwashe ƙwan tun da wuri ya daskarar da su a firiza kafin ya zubar. Mai farawa kuma ba ya buƙatar sa su barcin hunturu, masu neman haihuwa ne ke yin wannan.

Alamomin da ke buƙatar likita su ne ƙin abinci fiye da mako guda tare da rama, kumburin jiki kamar an hura, ido ya yi hazo, gyambo ko farin abu kamar auduga a fata, karkacewa a cikin ruwa, da kwanciya a fili ba motsi. Akwai ciwon bakteriya da ke sa jini ya taru a cinya da ciki, wanda a wannan kwaɗo yake da wuyar ganewa saboda wurin da ma ja ne, don haka yana da kyau a ɗauki hoton cikin kowannensu ta ƙasan mazubi mai haske tun suna lafiya, a sami abin kwatantawa. Da an ga alama, a ware marar lafiyar a wani mazubi mai tsafta da jiƙaƙƙen tawul ɗin takarda da ɗan ruwa marar zurfi, a auna ruwan babban akwatin da zafinsa, domin sau da yawa a nan matsalar take. Kada a zuba maganin kifi ko na mutane bisa ƙiyasi, abin da kifi ke jurewa yana iya kashe kwaɗo cikin dare ɗaya.

Sabon kwaɗo a killace shi a akwati dabam na aƙalla wata guda, wata biyu ya fi, da kayan aikinsa dabam. Babban abin tsoro shi ne wata cutar fata da ake kira kitirid, wadda ta ƙarar da nau'o'in kwaɗi da dama a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa tushen ƙwayar yana gabashin Asiya, musamman zirin Koriya, kuma cinikin kwaɗi tsakanin ƙasashe ya taimaka wajen yaɗa ta. Kwaɗo mai jan ciki yana iya ɗauke da ita yana harkarsa lafiya ƙalau. Saboda haka ba a sakin sa a rafi ko lambu ko da an gaji da shi, sai dai a nemi wani mai kiwo ya karɓa. Tsohon ruwan da aka zuƙo a zuba shi a masai, kada a watsa a waje inda zai gangara kududdufi, tsohuwar gansakuka da zaren kwakwa kuma a ɗaure su a leda kafin a jefa a shara.